Bokitin Baba Umara

"Baba, don Allah ajiye bokitin nan!"

Muryar Esta ce ta sa na bar tukunya a kan wuta na leƙo ta katanga. Baba Umara, maƙwabcina, yana tsaye cikin taɓo har idon sawu a gindin tsohon mangwaron lambun En'e, wato lambun hukuma, yana tuttula masa ruwa. A cikin watan Agusta fa, ana gama ruwan sama ke nan.

"Ba ki ga ganyenta ba?" in ji shi. "Ya yi rawaya. Ƙishirwa take ji."

"Ba ƙishirwa ba ce, Baba. Ruwa ne ya yi mata yawa, saiwar ke ruɓewa."

Ya dube ta, ya dube ni. "Mairam, kin taɓa jin ruwa ya kashe itace?"

Gaskiya ban taɓa ji ba.

Lambun nan ya girmi kowa a unguwarmu ta bakin kogi a Haɗejiya. Baba Umara ya gaji kula da shi daga mahaifinsa, kuma duk rayuwarsa fari ya sani. A shekarun da kogi ya ƙafe, da jaki yake ɗebo wa itatuwan ruwa. Mangwaron kuwa shi ya dasa ranar sunan 'yarsa Yakaka, wadda ta rasu tun tana 'yar yaye. Shi ya sa ba ya ce masa "shi", sai "ita".

Yanzu abin ya juye. Damina takan makara, in ta zo kuma ta zo a fusace. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin kogi, ruwa ya kwanta a lambun ya ƙi tafiya. Shi ne hukuma ta turo Esta, 'yar Filato mai aikin tsara lambuna, ta haƙa magudanai da ɗan tafki a can ƙasa, inda ruwan zai taru a yi amfani da shi da rani. Ta yi mini bayani har sau ba adadi, ina gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa. Abin da na riƙe kawai shi ne, in ana son mangwaron ya rayu, kada ɗigo ya ƙara taɓa gindinsa.

"Inna Mairam, ke yake jin maganarki," in ji ta. "Ki taimake ni."

Na ɓoye bokitin a bayan rumbuna. Washegari sai ga shi da butar alwala, yana kai da komowa. Haushi ya kama ni, tausayi ya fi shi, na mayar masa da abinsa.

Wannan shiga taɓon ce ta kwantar da shi. Sanyi ya kama masa ƙirji. Ba shi da kowa sai wani ɗan ƙane a can garin Guri, don haka jinya ta faɗo kaina. Ina dama masa kunu, yana kallon rufin ɗaki yana lissafin abin da ba ni ganewa, rabi da Hausa rabi da Barbarci, yarensu na gado.

Esta ta zo duba shi da lemo a leda. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"'Yar nan, kin rufe mata hanyar ruwa ko?"

"Buɗewa na yi, Baba, don ya fita."

"Ya fita ya je ina? Mu da muke roƙonsa?"

Ta ajiye masa lemon a gefen shimfiɗa, ta yi mana sallama ta fita.

Ranar Laraba da hantsi na ga leɓɓansa sun bushe. Na ɗaga kansa na kai masa kofin ruwa baki. Ya ture da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"Ba ni ba. Ita. Kin ba ta?"

"Na ba ta, Baba," na ce. Ƙarya nake yi.

"Gobe ma."

"Gobe ma, in Allah ya yarda."

Sai ya yarda ya kurɓa kaɗan. Kafin azahar ya cika. Na yi kuka sosai, fiye da yadda na zata zan yi wa maƙwabci.

Washegari, maza na zaman makoki a ƙofar gida, na cika bokitin a rijiya na zagaya ta baya. Ni kaina ban san me zan yi ba. Na yi wa mamaci alkawari, kuma in na cika shi na kashe masa abin da ya bari.

Na tarar da Esta a can. Leburorinta sun zagaye mangwaron da sabon lambatu, ruwa yana tsiyaya a hankali zuwa tafkin. Ta ga bokitin, ta gane na wane ne. Ba ta hana ni ba. Matsawa gefe ta yi.

Na daɗe a tsaye har hannuna ya sage. Daga baya na sauke shi a gindin itacen, cike yadda na kawo shi. Muna nan tsaye, wani ganye rawaya ya saki reshe ya faɗo cikin bokitin, yana ta juyawa a kan ruwan.