Nawa Aikin In Ce Amin

Shekara talatin da biyu cur mijina ne yake addu'a kafin mu ci abinci, nawa aikin in ce amin. Da ya rasu sai ci ya gagare ni. In na zuba a kwano, sai in zauna ina jiran muryarsa har abincin ya huce, in rufe in ture gefe.

A kwana na shida yayarsa ta shigo ko gaisuwa babu. Dama ba ma shiri. Ta buɗe kwanukan da ke kan tebur, ta toshe hanci.

"Wato so kike ki mutu a ce danginsa ne suka bar ki da yunwa?"

"Yaya, fita mini daga ɗaki."

"Ba inda za ni. Ƙanina ne, na riga ki saninsa, kuma ina ci."

"Shi ne mai addu'ar," na ce. "Ni ban iya ba."

"Bakin da kike zagina da shi ne bai iya ba?" Ta dire kwanon da ta kawo a gabana. "Yi da shi."

Na rufe ido cike da haushi. Na ce, "Yesu, ka ɗauke mai yi maka magana a madadina. Ina fushi da kai, kuma na gaji. Ga abinci nan, ka sa albarka."

Sai na ji ƙirjina ya saki.

"Amin," in ji Yaya.

Na ci loma biyar. Gishiri ya yi yawa, na kuwa faɗa mata.