Furannin Aro

"Ba zan haƙa ba."

"Za ka haƙa," in ji Kawu. "Ramuka ne fa, ba kabari na ce ka tona ba."

"Ramin ƙarya ne."

"Ji min yaro! In baƙo zai zo gidanku, uwarka ba ta share tsakar gida? Ba ta shimfiɗa sabuwar tabarma? Ita ma maƙaryaciya ce?"

"Tabarmarta ce. Waɗannan na aro ne."

Tukwanen roba ne jere a bakin ƙofar lambu, kowace da furenta, ja da rawaya da ruwan hoda. Kawu ya aro su wajen Mai Fure, wanda ke sayar da su a bakin babban titi. Dabararsa ita ce mu binne kowace tukunya har baki, mu rufe da ƙasa, kowa ya ɗauka a nan suka tsiro. Washegari jami'ar wata gidauniya za ta zo duba lambun. In ya yi mata, za su haƙa mana rijiyar burtsatse. In bai yi mata ba, sai dai mu ci gaba da tura kurar ruwa.

Ni ke tura kurar. Tun da na gama sakandare ban sami abin yi ba, sai wannan. Safe da yamma ina ɗora jarkoki, in je famfon da ke can ƙarshen layi, in bi layi da mata da yara, in dawo. Manyan bishiyoyi ba ruwansu, saiwarsu ta yi nisa. Ƙananan dashen ne abin ji. Na tsirar da su a ledojin ruwa da na tsinto a hanya, kuma na san in zafi ya kankama kura ɗaya ba za ta riƙe su ba. Bara rabi suka mutu a hannuna.

Lambun nan juji ne a da. Kawu, ƙanin Ummata, shi ya kwashe shi. Direban babbar mota ne kafin bayansa ya hana shi, kuma duk inda ya je sai ya dawo da iri a aljihu. Tsamiya, ɗinya, kanya, aduwa, magarya, maɗaci. Kowace bishiya ya san hanyar da ya tsinto ta. Mun yanka gwangwanayen madara mun rubuta sunayensu da fenti, mun ɗaura da waya. Malamai kan kawo ɗalibai su karanta. 'Yan unguwa suka naɗa shi shugaban kwamitin lambun, don ba wanda ke son wahalar sai shi.

"Kawu, a nuna mata abin da ke akwai."

"Me ke akwai? Ledoji da kara? Kai ba ka san masu kuɗi ba. Na yi shekaru ina ɗauko musu kaya. Mai kuɗi ba ya zuba ruwa a kwando. Sai ya ga abu ya yi kyau yake ƙara masa."

"In ta gane fa?"

"Da wane idon? Mutanen ofis ne. Ba su san bambancin zogale da tsintsiya ba."

Ya ɗauki diga da kansa, ya ɗaga, ya sara. A sara na biyu na ji ya ja numfashi, ya dafa ƙugu. Ya san ina kallo. Ina jin da gangan ya yi, amma bayan nasa ciwon gaske yake yi.

Na karɓi digar.

"Allah ya yi maka albarka."

"Ba don na yarda ba ne."

"Ni ramuka nake so, ba yarda ba."

Na haƙa. Muka binne su a gefen hanyar shiga, hagu da dama, muka baza busasshen ganye a kai don kada bakin tukunya ya fito. Sai ya sa na kwashe ledojin dashena na kai bayan rumfar kayan aiki, ya jingina zana ya tare su. Ya ce ganyensu ya yi rawaya, za su ɓata hoto. Wannan ya fi haƙar ramin ƙona min rai.

A gida Umma ta dubi hannuna ta ce, "Kai da kawun naka kun sake yi ke nan."

"Ba mu yi ba."

"Fuskarka kamar an aiko maka da saƙon mutuwa. Ci abinci. Halinku ɗaya, shi ya sa ba kwa jituwa."

Jami'ar ta zo da hantsi. Mace ce mai tabarau, takalminta na tafiya ne, ba na ofis ba. Direbanta ya tsaya a mota. Kawu ya sha babbar riga, yana gaba yana bayani, ni ina baya. Gaskiya wurin ya yi kyau. Ni da na binne su da hannuna ma sai da na tsaya na kalla.

Ta karanta gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya. Ta tambayi Kawu inda ya samo kanyar, ya ba ta labarin tayar da ta fashe masa a daji, har ta yi dariya. Sai ta dawo kan furannin, ta ɗauki hoto, ta sake ɗauka.

"Baba, sannunku da ƙoƙari. Duk inda na zaga ban ga lambun da ya kai naku ba."

Kawu ya waigo ya kanne min ido.

"Irin furannin nan shan ruwa gare su," ta ce. "Kullum sai an jiƙa su. In kun iya riƙe su haka a wannan rani, ruwa bai dame ku ba."

"A'a, ranki ya daɗe, wato..."

"Rijiya ɗaya ce a hannunmu bana, kuma wurin da ya fi buƙata za a kai ta. Jiya na je wani lambu, komai ya ƙone, tausayi ya kama ni. Ku sai dai in rubuta a ba ku takardar yabo. Kun cancanta."

Takardar yabo. Na ga bakin Kawu ya buɗe ya rufe. Mutumin da bai taɓa rasa magana ba, ko gaban ɗan sanda. In ya ce ba mu da ruwa, furanni sun ƙaryata shi. In ya faɗi gaskiya, ya ƙaryata kansa. Zufa ta keto masa ta ƙarƙashin hula.

Ta fara mayar da wayarta cikin jaka.

Ban yi shawara da kowa ba. Na durƙusa gaban wani jan fure, na share ganyen, na sa yatsu a bakin tukunyar na ɗago ta. Ta fito sumul, da tambarin Mai Fure na shuɗin fenti a jikinta. Na ajiye ta a kan hanya. Na ciro ta biyu. Na ciro ta uku.

"Kai! Kai!" in ji Kawu, amma muryar ba ƙarfi.

Matar ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Dukansu haka suke?"

"Duka. Jiya suka zo, yau za su koma. Anti, zo ki ga namu."

Na kai ta bayan rumfa, na ture zanar. Ga su nan a ledojinsu, wasu sun sunkuyar da kai, wasu ganye biyu kacal suka rage musu. Na faɗa mata sunan kowanne. Na nuna mata waɗanda za mu dasa ta gefen katanga in sun rayu, da filin da muka bari don itatuwan magani. Na nuna mata kurar, da tayarta da na ɗaure da igiya, da jarkokin da rana ta cinye. Ta tambayi inda famfon yake. Na ce da nisa. Ta ce mu je.

Muka tafi da ƙafa, ni da ita, Kawu na biye a baya yana jan babbar riga. Ta ga layin bokitai, ta ga yadda ruwan ke zuba kamar fitsarin jariri. Wata mata ta ce, "Yau mai kura da baƙuwa ya zo, ko an samo maka mata ne?" Aka yi dariya. Jami'ar ba ta yi ba.

Da muka dawo mun tarar da Mai Fure a ƙofa, yana duban tukwanensa da ke kan hanya. Ya juya ga Kawu, wanda har yau yake kira Direba.

"Wa ya tumɓuke min kaya a rana? Direba, haka muka yi da kai? Ka ce kwana ɗaya, kuma ba mai taɓawa!"

"Kwashe abinka," in ji Kawu. "Wasa ya ƙare."

Jami'ar ta zauna a kan bencin da ke ƙarƙashin tsamiya. Ta daɗe tana kallon ramukan da na bari a buɗe.

"Baba, me ya kai ka?"

"Tsoro," in ji shi. "Na ɗauka in kin ga talaucinmu za ki juya."

"Saura kaɗan in juya don na ga arzikinku."

Mai Fure ya tuntsire da dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya koma kan tukwanensa.

"Ku ji," ta ce. "Kuna buƙatar ruwa, na gani da idona. Kuma kuna da abin da wancan lambun ba shi da shi, kuna da dashe da mai kula da su. Zan ce a haƙa muku. Ba ni ce mai yanke hukunci ba, amma ba a cika mayar min da magana ba."

Na ji wani abu ya sauka daga kafaɗata. Na dubi dashen. Za su rayu. Na san za su rayu.

"Sai dai akwai sharaɗi. Duk inda muka haƙa rijiya, mutum ɗaya muke damƙa wa makullin injin, shi ne kuma zai riƙa gaya mana halin da ake ciki, mai daɗi da marar daɗi. Dole ya zama wanda zan gaskata maganarsa ba sai na tona ƙasa ba." Ta dubi Kawu. "Baba, ka yi haƙuri. Ba zan iya ba da sunanka ba."

Kawu ya cire hularsa, ya dube ta ciki kamar akwai abin da ya ajiye, ya mayar. Tsamiyar da muke ƙarƙashinta shi ya kawo ƙwallonta a aljihu tun ban iya tafiya ba. Shi ya kwashe jujin nan da kwandon kansa lokacin da mutane ke cewa ya zautu. Duk gwangwanin da ke lilo a wurin nan shi ya ɗaura.

Ba zan ce na yi nadama ba. Da za a sake, zan sake ciro tukunyar. Amma na kasa haɗa ido da shi, shi ma bai nemi nawa ba. Yana kallon kurar.

Mai Fure ya daina loda kayansa ya tsaya. Direban jami'ar ya danna ƙaho daga waje. Jami'ar ta miƙe, ta kaɗe zanenta, ta dubi Kawu, ta dube ni.

"To, wa zan ce a ba makullin?"