Ɗingishin Kofur

Tun da safe matar Kofur take fama da kakinsa, tana guga tana mita. Yau za a maƙala wa mijinta lambar yabo a filin fareti, saboda ya koma cikin ruwan harsashi ya saɓo abokan aikinsa biyu ya tsallake kogi da su. A can ne ɓarɓashin bom ya shige masa cinya. Duk bariki ba a zancen kowa sai nasa. Ita kuwa zancen ya kai mata iya wuya, don masu yabon ba su ne suke gasa ƙafar da ruwan zafi kullum ba.

Damuwarta ɗaya ce. Likitan soja ya ce bayan fareti zai yanke hukunci, ko a bar Kofur a sito yana raba takalma da barguna, ko a mayar da shi bakin daga. Kuma likitan nan zai zauna a rumfar manya, idonsa biyu.

Ta miƙa masa wando ta ce, "Maigida, ban ce ka yi ƙarya ba. Yadda kake ɗingishi daga gado zuwa banɗaki, haka nake so ka yi a gabansu. Kada ka ƙara, kada ka rage."

"Ba ni rigar."

"Ka ji ni kuwa?"

"Na ji."

Ta san irin wannan "na ji" ɗin, wanda yake shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu. Duk da haka ta sa rai, domin har ƙofar fili yana dafe da kafaɗarta yana cije leɓe.

Aka buga badujala, aka karanto abin da ya yi, aka kira shi. Sai ga mutumin nan da ba ya iya sa safa da kansa ya miƙe sambal kamar an haɗiyar da shi taɓarya. Ya taka har gaban kwamanda ba gargada. Da ya zo ƙamewa kuma, bai tashi buga ƙasa da kowace ƙafa ba sai mai ciwon. Fili ya ɗauki tafi.

Matar Saje ta zungure ta da gwiwar hannu. "Ashe mijin naki ya warke garau, kike ɓoye mana?"

Idonta yana rumfar manya, inda kwamanda ya koma ya raɗa wa likita wani abu, likita ya gyaɗa kai yana murmushi. Don takaici har ta ji kamar ta cire takalmi ta jefi mai busa ƙaho.

Bayan an watse ta same shi a bayan motocin soja, ya jingina da taya, gumi ya jiƙa kakin da ta ɓata safiyarta a kai. Kafin ta buɗe baki Saje ya leƙo da fara'arsa.

"Jarumi! Likita ya ce ba sai ka je asibiti ba. Haɗa kayanka, da kai za a tafi jibi."

Saje ya wuce. Kofur ya sunkuyar da kai yana gyara lambar da ta karkace a ƙirjinsa.

Ta ce, "Abu ɗaya na roƙe ka."

"Ba ki ga waɗanda aka zaunar a layin gaba ba? Matan waɗanda ban iya ɗaukowa ba ne. Mazansu suna can ƙarƙashin ƙasa, ni kuma in zo gabansu ina jan ƙafa ina neman a tausaya mini?"

Ta kawar da kai cikin haushi. Ya miƙo hannu. "Zo ki riƙe ni, ba zan iya kai kaina gida ba."

Ta sa kafaɗa, ya sakar mata nauyinsa duka, suka bi ta bayan gareji inda babu mai ganinsu. Sai da suka kusa ƙofar ɗakinsu sannan ta yi magana, ba tare da ta dube shi ba.

"Na ga matan. Na kuma ga an bar kujera ɗaya ba kowa a layin. Ba na so ta zama tawa."