Tsohuwar da Baba Mukhtaru Ya Bari a Inuwa

Ina cikin tankaɗe na ji abu ya faɗi a ɗakin Baba Mukhtaru, tim, kamar an yar da buhu. Bango ɗaya ya raba mu a gidan hayarmu na unguwar Mansur a Makka, ko tari ya yi ina ji. Na shiga da gari a hannuna, na tarar da shi a ƙasa ya dafe ƙirji, kwanon shinkafarsa ya kife.

Na leƙa taga na ƙwala wa Marwan mai shagon ƙasa kira. "Marwan! Kira motar asibiti, Baba ya faɗi!"

Baba ya kamo wuyan hannuna, tafinsa sanyi ƙalau.

"Ramlatu, rabu da ni. Na bar Hajiya a Harami."

Sana'arsa tura alhazan da ba sa iya tafiya da ƙafa, a keken guragu. A makon nan wata tsohuwa ce daga Ingila, mai ciwon suga, wadda ayarinsu suka tafi ziyara suka bar masa. Bayan Azahar ya ajiye ta a inuwa a farfajiya tana lazimi, ya zo shan magani.

"Inuwar nan gushewa take kafin La'asar," ya ce yana haki. "Kuma ba za ta yarda kowa ya taɓa keken ba. Ni na ce mata *in case I am late, wait here*."

Wannan *in case* ɗin ta daɗe da isata. Tun da ya fara koyon Turanci a waya saboda alhazai, da ita yake tashi. Ta bango nake jin sa: *in case you are tired, tell me; in case you are thirsty, here is water*. Ya ce mini ma'anarta "ko da", abin da kake shiryawa kafin ya zo. Har cikin Hausa yake cusa ta: "Ramlatu, rage mini tuwo, *in case*." Ranar da na ji yana haddace *in case it rains* sai da na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce Baba, a Makka? Ya ce da tsohuwar zuma ake magani, wata rana zan gode masa.

Yanzu babu dariya. Ikamata, takardar izinin zamana a ƙasar, ta mutu tun bara, ko kasuwa sai na leƙa hagu da dama nake fita. Idan aka tare ni a hanyar Harami, wa zai ɗauko 'ya'yana daga makaranta? Wallahi tsoro ya kama ni.

"Baba, ka san halin da nake ciki. Marwan ya tafi mana."

"Ba za ta bi wani namiji ba. Keken yana da koren ƙyalle a hannu, gefen ƙofar da nake tsayawa. Ki faɗa mata maganata, za ta gane daga gare ni kike. Yalla, 'yata. Ki dawo mini da kekena."

Marwan ya shigo da waya a kunne. Na ja abayata na fita.

A tasi ban ɗaga kai ba. Duk motar 'yan sanda da muka wuce sai na ƙara sunkuyawa. Da na sauka, wani askari mai gadin Harami ya juyo ya dube ni. Na kutsa tsakiyar wasu matan Indunusiya kamar cikinsu aka haife ni, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ya kau da kai.

Koren ƙyallen na fara hangowa. Inuwa ta janye ta bar ta a tsakiyar rana, dutsen farfajiya yana ɗaukar ido. Wata 'yar mitsitsiyar tsohuwa ce, leɓenta ya bushe, kanta ya langaɓe gefe, amma hannayenta biyu riƙe gam da birki. Wani mai shara yana roƙonta da hannu ya matsar da ita, tana girgiza kai.

Na durƙusa gabanta. Na ji tsoron kada kalmomin su gudu.

"*In case I am late*," na ce, "*wait here*."

Ta buɗe ido ta dube ni.

"Mukhtar?"

Na gyaɗa kai. Sai ta saki birkin.

A ƙarƙashin kujerar akwai gorar ruwa da dabino ɗaure a leda, da lema, lemar nan ta ruwan sama da na yi wa dariya. Na buɗa mata ita, na ba ta ruwa kaɗan-kaɗan har idonta ya dawo daidai. Da yatsa ta riƙa nuna mini hanya zuwa masaukinsu. Da ma'aikatan wurin suka karɓe ta, ta riƙe hannuna ta sake cewa, "Mukhtar?" Ba ni da Turancin da zan amsa. Na ɗaga hannu sama alamar addu'a, ita ma ta ɗaga.

Na naɗe keken na sa a tasi. Tun daga bakin layinmu na hango takalman maza jere a ƙofar gidanmu.

Marwan ya tare ni a matakala, idonsa ja.

"Ya cika kafin mota ta iso, ukhti. Tambaya ɗaya yake ta yi, kin same ta?"

"Na same ta."

"Alhamdu lillahi." Ya share fuska da gefen hiraminsa. "Ya ce likkafaninsa yana nan, mun birkice ɗakin ba mu gani ba."

Na zauna a matakala. Keken yana jingine a gabana, aljihun bayansa ya ɗan kumbura. Na zura hannu na zaro farin yadi a naɗe cikin leda, da shatin Zamzam ɗin da ya bushe a jikinsa. Har lokacin yana da ɗumin ranar Harami.