Maganin Muhsina Na Uku

Duk wanda ya shigo gidan hayar nan na unguwar Kwamba a Suleja sai ya taya Asibi murna, wai 'yarta Muhsina ta warke. Ta warke ina? Yarinya 'yar shekara goma sha biyu tana zaune kan tabarma baki sake, hannu na karkarwa, ko kofin ruwa ba ta kaiwa baki sai rabi ya zube. Amma tunda ta daina ihu, maƙwabta na samun barcin rana, to a wurinsu ai magana ta ƙare.

Bara abin ya soma. Muhsina ta ce wasu mutane na yi mata magana a kunne, suna zaginta, suna cewa ta faɗa rijiya. An sha rubutu, an yi hayaƙi, mahaifinta Bamalli ya kai ta wurin mai ruƙiyya har Lambata, kafin suka haƙura suka nufi asibiti. Maganin farko bai tsinana komai ba. Na biyu ya sanƙarar mata da wuya har idanunta suka juye sama. Na ukun nan ne ya kawo shirun da kowa ke yabo.

Kuma duk ranar ganin likita Bamalli ne mai magana. A ce yaya jikin, ya ce da sauƙi, alhamdulillahi. Haka aka koya wa kowa amsawa ko da mutum na gargara. Sai a rubuta a ci gaba da magani, su hau keke su dawo gida, Asibi na haɗiyar takaici.

Ranar nan ta bari Bamalli ya wuce aiki Abuja, ta ja yarinyar asibiti ita kaɗai. Dakta Opeyemi, Bayarbiya ce amma haifaffiyar Suleja, ta ɗago kai ta ce, "Maman Muhsina, yaya jikin?"

"Wallahi likita babu sauƙi," in ji Asibi. "Wannan ba 'yata ba ce. 'Yata surutunta har ciwon kai yake sa ni. Ita ke yi wa yaran gidanmu kitso tana tsokanarsu. Yanzu in kira sunanta, sai na gaji da jira kafin ta juyo. Tsoro nake ji, likita. Tana raye amma na rasa ta."

Likita ta ajiye biro. Ta lanƙwasa hannun yarinyar, ta sa ta taka zuwa ƙofa ta dawo, tana jan ƙafa kamar tsohuwa. Sannan ta ce akwai wani maganin da za a gwada, a riƙa rage wannan a hankali. "Amma ba zan ɓoye miki ba. Kafin sabon ya kama jikinta muryoyin na iya dawowa, kuma ban yi miki alkawarin zai karɓe ta ba."

"Na yarda," Asibi ta yi caraf. "Ihun zan iya da shi. In mai gidan hayar ya ga dama ya ba mu notis mu tashi."

Sai ta ji an ja bakin hijabinta. Muhsina ce, tana kokawa da harshenta mai nauyi.

"Umma, kar a canza."

"Me ya sa, 'yar nan? Ba kya so ki koma makaranta?"

"Da wannan ba sa zuwa." Ta daɗe tana tattaro sauran maganar. "Ke ihuna kawai kike ji, Umma. Ni su nake ji."

 Duk faɗan da Asibi ta ƙullo tun daga gida ya warware, ta rasa wanda take wa shi. Ta dubi likita ta ce, "Babu maganin da zai kore su ya bar mini ita?"

"Shi muke nema," in ji likita. "Har yanzu ba mu same shi ba."

Masu jira a waje sun fara ƙwanƙwasa ƙofa. Asibi ta goge fuska da bayan hannu, ta ce wa likita:

"A bar mata wanda take sha wannan watan."

Ta sunkuya ta sa wa yarinyar takalmin da ya zame, ta tallafo ta ta miƙe. Muhsina ta jingina da kafaɗarta, a hankali ta ce, "Na gode, Umma."