Dama An Rufe Ta

Kawu ya tsoma burushi cikin gwangwanin farin fenti, ya sunkuya ya ja kibiya ta ƙarshe a kan kwalta, bakinta na nuna dama. Ya miƙe yana dafa ƙugu. A wannan mararraba hanyar dajin take rabuwa biyu, kuma duk wanda ba ɗan gari ba sai ya rantse tagwaye ne: kwalta siririya, dogayen itatuwa a jere hagu da dama, ƙasa shimfiɗe ba tudu ba gangara. Ta hagu tana bi ta kan tsohuwar gada. Ta dama tana ratsa tsakiyar kurmi, ta yi doguwar miƙa, sannan ta karya kwana.

Shi ne mai gyaran keke na ƙungiyar 'yan keke, kuma shi ke sa musu alamar hanya duk ranar fita. Jiya ya kira mai gadin daji a waya ya tambaye shi, "Ta hagu fa, hanyar gada?" Wayar tana ta yankewa, sai shuu kamar ruwa a kan kwano. Abin da ya shiga kunnensa shi ne, "Dama an rufe ta." Bai yi mamaki ba. Tun damina gadar take motsi, da ma ya san za a rufe ta wata rana.

Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya masa a rai. Da ya iso, ya tarar da igiya ɗaure a bakin hanyar dama, da jan ƙyalle a tsakiyarta. Ya dube ta, ya dubi ta hagu da ke buɗe, ya girgiza kai. Ma'aikatan yanzu, a ce su rufe hanya ma sai sun rufe wadda ba ita ba. Ya kwance igiyar a hankali, ya kai ta hagu ya ɗaure tamau, ya gyara wa ƙyallen zama.

Ya hau tsohon kekensa ya koma bakin daji, inda yake kafa teburin gyara. Ya jera famfo da tif da man sarƙa. Iska ba ta kaɗawa. Tsuntsayen da ya saba ji a wannan lokaci ma ba su ce komai ba.

Ba a jima ba 'yan keke masu gudu suka ɓullo, a jere kamar an zura su a kirtani, kai a sunkuye, kowa na bin tayar na gabansa. Auta ce a gaba, 'yarsa ta ƙarshe, da hular kwano ruwan ɗorawa wadda ta fi kanta girma. Ba ta tsaya ba, sai dai ta ɗan sassauta.

"Baba, yau dai ba ka kai mu cikin gonar mutane ba ko?"

"Sau ɗaya aka yi, kin mai da shi waƙa. Ki bi kibiya kawai."

"Ni da idona a rufe ma zan bi ta."

"Buɗe shi dai. Kuma sarƙar nan taki na kuka."

Wani daga baya ya ce, "Kawu, ba sarƙa ba ce, gwiwata ce." Suka yi dariya, suka shige. Ya bi su da kallo har itatuwa suka haɗiye hular ruwan ɗorawa.

Yana cikin liƙe wa wani dattijo faci sai ga mai gadin daji a kan babur, ya faka ya cire hula yana share gumi. Dogo suke ce masa. Suka gaisa, suka tambayi iyali.

"Yau kun samu rana," in ji Dogo. "Gadar ma na sa an ƙara mata katako saboda ku."

Kawu bai ɗago ba tukuna. Ya ci gaba da danna facin da babban yatsa. "Wace gada?"

"Gada nawa gare mu?"

"Ai ka ce an rufe ta."

"Ni? Na ce maka hagu ba matsala. Dama, an rufe ta. Yau masu yankan katako ke kayar da manyan nan na bayan kwana, kuma a kan titi suke kwantar da su, shi ya sa na ɗaura igiya da kaina."

Dattijon ya dubi wannan, ya dubi wancan. Kawu ya ajiye tif ɗin a kan tebur kamar abin da zai fashe.

"Da ma an rufe ta na ji," ya ce. Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa. "Wato tuni an rufe ta. Ta hagun."

"Igiyar fa?"

"Na mayar da ita hagu."

Dogo bai zage shi ba. Da ya zage shi da ya fi sauƙi. Ya zaro waya ya ɗaga ta sama, ya juya gabas ya juya yamma, ya mayar aljihu. A cikin dajin nan waya ba ta da amfani sai ta duba lokaci.

"Sun wuce?"

"Masu gudun sun wuce. Auta ce a gaba."

"Hau."

Suka bar teburin da dattijon da tayarsa a hannu. Babur ɗin tsoho ne, da mutum biyu a kai sai ya riƙa nishi. Suka wuce 'yan tsakiya, masu tafiya bibbiyu suna hira, wasu suna ɗaga musu hannu. Kawu ya so ya yi musu magana, iska ta kwashe. Ya riƙe rigar Dogo yana lissafin abin da ya sani: masu gudu ba sa kallon gaba. Na gaba ne kaɗai yake kallo, shi ma rabin hankalinsa na kan numfashinsa. Hanya a miƙe, ba rami, ba mota, nan ne suke sakin ƙafa gaba ɗaya. Kuma kwanar ba ta nuna abin da ke bayanta.

Tun kafin su kai mararraba ya fara jin zarton inji, can nesa, yana tashi yana sauka kamar ƙudan zuma a cikin tulu.

Fentin bai gama bushewa ba lokacin da masu gudun suka bi ta kai. Ga sawun tayoyi nan sirara, farare, sun fita daga jikin kibiyar sun nufi dama, suna dusashewa har suka ɓace.

Dogo ya taka birki. "Sauka."

"Ba zan sauka ba. 'Yata ce."

"Kawu, da kai a baya ba zan cim musu ba. Ga kuma waɗancan suna tafe, har da masu goyon yara a kujerar baya. Kibiyarka za su bi. Wa zai tare su?"

Kawu ya waiwaya. A can ƙarshen miƙar hanya, ƙananan ɗigo-ɗigo masu launi suna ƙara girma. Ya dubi dama. Babu kowa, sai kwalta da inuwa.

Ya sauka.

Babur ya yi gaba da ƙara, ya ƙanƙance, ya ɓace. Kawu ya ruga ya kama igiyar. Ƙullin da ya yi da safe ya ƙi kwantuwa, don da gaske ya ɗaure shi. Ya sa haƙori, ya sa farce har ya fashe, sannan ta saki. Ya ja ta ya mayar inda ya same ta. Ya ɗebo ƙasa da hannu biyu ya watsa a kan kibiyar, ya murje da takalmi. Farin ya ƙi ɓoyuwa, sai ma ya yi faɗi. Ya tsaya a kanta da ƙafafunsa biyu, ya miƙa hannu ɗaya.

"Hagu," ya ce wa na farko. "Ku bi ta gada."

"Kawu, yau kai ne kibiyar da kanka?"

"Fenti ya yi tsada," in ji na bayansa. "An koma amfani da tsofaffi."

Ya yi musu abin da ya yi kama da murmushi. Suka karya hagu suna dariya. Wata mata da ɗanta a kujerar baya ta ce wa yaron ya gai da Kawu, yaron ya ɗaga hannu yana lasar alewa.

Sai zarton ya canja murya, ya yi tsini. Aka ji wani dogon ƙara kamar ana yage babban ƙyalle, sannan ƙasa ta amsa. Ya ji ta a tafin ƙafarsa kafin ya ji a kunne. Tsuntsaye suka tashi daga tsakiyar kurmi gaba ɗaya.

"Mene ne wannan?" wani saurayi ya tambaya, ƙafa ɗaya a ƙasa.

"Aiki ake yi. Hagu."

Zarton bai sake tashi ba. Kawu ya kasa kunne. Idan Dogo ya isa, dole su kashe inji. Idan wani abu ya faru, dole su kashe inji. Shirun iri ɗaya ne.

Mutane suka yi ta wucewa, yana ta nuna musu hanya, har suka fara ƙaranci. Daga ƙarshe motar ruwa ta iso, wadda ke bin bayan kowa tana kwashe waɗanda suka gaji. Matarsa na gaba kusa da direba, kamar kullum, da kwandon ayaba a cinya. Ta leƙo ta taga za ta tsokane shi, sai ta ga igiyar, ta ga farcensa, ta ga inda sawun tayoyi suka nufa. Ta ajiye kwandon a kujera ta fito.

"Auta ta bi nan?"

"Ta bi nan."

Ta zo ta tsaya kusa da shi a kan kibiyar, kafaɗarta na taɓa tasa. Direban ya kashe mota.

Sun daɗe a haka kafin su ji ƙarar babur daga cikin kurmi. Yana tafe a hankali, a hankali ƙwarai, irin tafiyar wanda ya ɗauko abin da ba ya so ya girgiza. Itatuwa ba su bari a ga wanda ke kai ba tukuna.

Wani tsoho da ya rage a baya ya iso yana haki a kan kekensa, ya tsaya yana dubansu.

"Ina aka nufa, Kawu?"

Kawu bai juyo ba. Matarsa ce ta ɗaga hannu ta nuna masa hanyar gada.