Tsayawa a Ruwan Bago

Giyar motar Alhaji Ɗanmaliki ta ƙone sau biyu a kaka ɗaya, kuma kowa a Unguwar Hajji ya san in ta sake, direbanta zai rasa aikinsa. Direban kuwa Badaru ne, mijin yayata Ikilima, wanda a gidansa nake cin tuwo tun da na dawo daga jami'a da takardar injiniya na rasa inda zan kai ta.

Babbar mota ce mai canza giya da kanta, tana kwaso gyaɗa daga Rogo zuwa Karaye. Bakanike ya ce man giyar ne ke yin zafi har ya ƙone, amma ya kasa gano dalili. Saboda haka Alhaji ya ɗora mini zaɓen na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta.

Zubair mai kayan gyara ya kawo guda biyu daga Kano. Ƙaramar ba ta fi akwatin ashana ba; da na gwada ta, sai na ga inji da ruwan lagireto kaɗai take karantawa, ba ruwanta da giya. Babbar mai allo ce da igiya, tana nuna zafin man giya yayin da mota ke tafiya.

Badaru ya ja ni gefe. "Injiniya marar ofis," in ji shi, "ɗauki ƙaramar mana. Ba ta da surutu."

Yana dariya, amma bai yarda mun haɗa ido ba. Na daɗe ina juya na'urorin a hannuna. Ƙaramar za ta ce lafiya lau, giyar ta sake ƙonewa, a sallame shi. Babbar kuwa, a zatona, za ta tona wani bututu da ya toshe, ta wanke shi. Na zaɓi babbar.

Da hantsi muka taso daga Rogo da cikakken lodi, allon yana kan cinyata, lambar zafin koriya. Haka ta zauna har muka iso Ruwan Bago, mahaifar Badaru. A bakin hanya dattawa na zaune kan buhunan dawa, ƙanin mahaifinsa, Baffa Abdulmutalib, ya ɗaga sanda. Badaru ya taka birki, ya sauka, ya durƙusa.

A can ɗan gari ba ya wuce kayan dattawa da mota, kuma ba a maganar kuɗin ɗauka. Aka yi ta gaisuwa ana ɗora buhuna a kan gyaɗar Alhaji, har bayan motar ya zauna.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana," in ji Baffa. "Ya tsare hanya."

Muna shiga yashi, lambar ta fara hawa. Ta koma rawaya, ta koma ja. Ƙauri ya cika gaban motar.

"Yaya, tsaya," na ce.

Ya tsaya a gindin wata ɗorawa. Muka zauna muna jiran man ya huce. Can ya ce, "Ai na gaya maka tana da surutu."

Duk sauran hanyar ina shirya abin da zan faɗa wa Alhaji, ina rushewa. Ashe ba sai na buɗe baki ba. A zauren Alhaji, bayan la'asar, Badaru ya faɗi komai da kansa.

Alhaji ya ce, "Ba zan kore ka ba, Badaru. Amma daga yau ba tsayawa a Ruwan Bago."

"Ranka ya daɗe, mutanen da suka haƙa kabarin mahaifina ne. Da wane ido zan wuce su?"

"Ni kuma da wace giya zan kwashe gyaɗata?"

Badaru ya zaro makullin daga aljihu, ya ajiye a kan tabarma da hannu biyu, ya yi godiya, ya fita.

Yanzu yana ƙwadago a gonakin mutane. Ikilima tana ajiye mini tuwo kamar kullum, sai dai kwanon ya ragu, kuma na san daga rabon wa aka ɗebo shi.

Ni ne na sami aiki. Alhaji ya ce in riƙa bin sabon direban da na'urar. Duk sanda muka iso Ruwan Bago, Baffa yakan miƙe ya ɗaga sanda, direban ya danna ham ya wuce. Nakan sunkuyar da kai ina kallon allon. Lambar koriya ce.